Ƙarfin Akta a Aljihun Marubuci Yake?

Ɗan Auta: Jama'a, ina da magana, wanda zai ji haushi ya ji. Finafinan jaruman nan masu ƙarfin ban mamaki, na Marvel da na DC, raina wa mai kallo hankali suke yi. Ƙarfin akta ba shi da ma'auni. In marubuci yana so a ci bos, sai ƙarfin ya ƙaru, in yana so fim ya yi tsawo, sai ƙarfin ya zube. Ku dubi Hulk. A Avengers na 2012 shi ya kama Loki ta ƙafa yana maka shi da ƙasa kamar tsumma. Ana zuwa Infinity War a 2018, tun a buɗe fim Thanos, bos ɗin fim ɗin, ya lakaɗa masa duka da hannu, daga nan Hulk ya ƙi fitowa daga jikin Bruce Banner, mutumin da ke rikiɗa ya zama shi, har aka tashi. Wannan ai ha'inci ne.

Yaya Babba: Ƙanina, ka ɗauko misalin da ya fi kowanne rauni. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Hulk ƙarfin tsiya ne da shi, Thanos kuwa ya iya faɗa. Sake kallon wurin, ka ga yadda yake kare naushi yana zaɓar inda zai dasa nasa. Kuma da dukan nan aka sanar da kai cewa wannan bos ɗin ba sa'an na baya ba ne.

Uwar Biyu: Ni na yafe na Hulk. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙofar tsafin nan mai tartsatsi, wadda matsafa ke buɗewa su ɓulla wani wuri. A cikin fim ɗin dai, Wong ya rufe ta a kan hannun ƙaton yaron Thanos, hannu ya guntule ya faɗi, kowa ya gani. To da aka je duniyar Titan, ga Doctor Strange mai irin wannan tsafin, amma aka taru ana ta jan safar hannun Thanos, mai ɗauke da duwatsun ƙarfinsa, ana nishi. Me ya hana a datse hannun a huta?

Mai Gilashi: Anti, ai an ba da amsa. Strange ya leƙa yadda yaƙin zai iya ƙarewa har hanya 14,000,605, ya ce a guda ɗaya kawai za su yi nasara.

Uwar Biyu: Wannan toshiyar baki ce, ba amsa ba. Marubuci ya ga ramukan da ke cikin labarinsa, ya kawo layi ɗaya ya lulluɓe su duka. Duk tambayar da ka yi sai a ce maka ai Strange ya gani, ba za ta yi ba.

Malam: Ku bari in ɗan koma baya, don ciwon nan tsoho ne. Superman ya fara fitowa a mujallar zane a 1938, Jerry Siegel da Joe Shuster suka ƙirƙire shi. A lokacin ba ya ma tashi sama, tsalle yake yi mai nisa. Daga baya aka riƙa ƙara masa ƙarfi har ya zama babu mai iya taɓa shi, labari ya fara rasa daɗi. A 1943 shirinsa na rediyo ya shigo da kryptonite, dutsen da ke kashe masa jiki. Wato su da kansu sun gane jarumin da ba ya jin ciwo ba ya riƙe mai sauraro. Amma ba su daddara ba. A fim ɗin 1978 masoyiyarsa Lois Lane ta mutu, Superman ya yi ta kewaya duniya da gudu har lokaci ya koma baya ta dawo. Wanda zai iya haka, wace asara ce kuma za ta same shi?

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri, Malam. Ga Justice League na 2017 ma. Jarumai biyar suna ta fama da bos, Superman na isowa ya mai da su 'yan kallo. Su ma masu gudun nan haka ne. Quicksilver a X-Men na 2014, a ɗakin girkin Pentagon, harsasai na tafiya a iska yana gyara musu hanya da yatsa. Ana gama wurin aka sallame shi gida, don in ya bi su fim ya ƙare a minti goma. Shekara ta zagayo, a Age of Ultron, harsashi ne ya kashe wani Quicksilver ɗin.

Yaya Babba: Ku dai kuna kallon fim da ma'aunin injiniya. Ni mutumin da ke cikin rigar nake kallo. Spider-Man 2 na 2004, ƙarfin Peter, wato Spider-Man ɗin, ya riƙa ɗaukewa saboda zuciyarsa ta gaji da rayuwa biyu, ga bashin haya, ga karatu ya lalace. Sannan ku tuna jirgin ƙasan nan da ya tare, ya tsaya a gaba ya baza hannu, zare na tsinkewa, riga na yagewa, har ya suma fasinjoji suka ɗauke shi a hannu. Ko Logan na 2017, tsoho da raunin da ya daina warkewa da wuri, farcen ƙarfen ma wani lokaci ba ya fita duka. Wa zai ce waɗannan ba su iya riƙe jarumi ba?

Ɗan Auta: Yaya, ai hujjata ka kawo mini. Waɗannan sun yi kyau ne don ƙarfin yana da doka, kuma ana biyan farashinsa. Haka Black Panther na 2018, kafin jarumin, T'Challa, ya kare sarauta sai an ba shi abin da zai cire masa ƙarfin da wani ganye ke ba shi, shi ya sa da abokin hamayyarsa Killmonger ya jefa shi ƙasan ruwa kowa ya yarda. Amma a Ant-Man na 2015 an ce ƙanƙancewa matse tazarar ƙwayoyin jiki take yi, wato nauyi na nan, shi ya sa naushin ɗan mitsitsin ke kayar da ƙato. Sai ga Hank Pym, wanda ya ƙirƙiro fasahar, da tankar yaƙi da aka ƙanƙance rataye a jikin makullinsa. Wanne za mu ɗauka?

Uwar Biyu: Ni halin jarumi ya fi damuna a kan tanka. Man of Steel na 2013, rabin birnin Metropolis ya rushe ana faɗa, ƙarshe Superman ya karya wuyan bos ɗin, Zod. Mutumin da aka san shi da ceton rai fa.

Mai Gilashi: Zod na shirin ƙona wasu iyali da wutar idonsa, Anti, kuma ya rantse ba zai bari ba. Sabon shiga ne a lokacin, kuma kin ji ihun da ya yi bayan nan.

Uwar Biyu: Wa ya rubuta shi cikin wannan tsaka mai wuyar? Su ɗin dai ne. Su ne kuma a Batman v Superman na 2016 suka sa Batman ya shirya kisa tsaf, mashi a hannu, ƙafa a wuyan Superman, ya fasa don sunan iyayensu mata ya zo ɗaya, Martha.

Yaya Babba: Ba sunan ne ya tsayar da shi ba. A lokacin ne ya gane wanda ke ƙarƙashin ƙafarsa ɗan wata ne, kuma shi ya zama irin wanda ya kashe masa iyaye.

Ɗan Auta: Da fim ɗin ya nuna haka yadda ka faɗa yanzu, Yaya, da ba a shekara da shekaru ana yi wa wurin dariya ba.