Kwana 9 da gyara mini kaciya, kumburin ya ƙi sacewa

Mai Adaidaita:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da kunya nake wannan tambaya, amma abin ya hana ni sukuni. Shekarata 29. Ina ɗan shekara 7 wanzami ya yi mana kaciya a ƙauye, lokacin sanyi, ashe ya bar fata da yawa. Da na girma ta riƙa tsagewa da ƙaiƙayi, har likita ya ce sai an gyara. Yau kwana 9 da aikin. Daidai layin ɗinkin ya kumbura, ya zagaye kamar zobe. Ba jini, ba wari, fitsari na fita lafiya. Amma da asuba in gabana ya miƙe, ji nake kamar zaren zai tsinke. Tun kwana na 4 na koma tuƙin keken adaidaita, domin kullum sai na kai wa mai keken kuɗinsa. Ga shi saura sati 5 a ɗaura mini aure. Abokina ya ce in barbaɗa garin bagaruwa. Me kuka gani?

Malam Nas:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada ka sa bagaruwa, ko toka, ko wani gari. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, har da na tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki. Kumburi a kwana 9 ba abin tsoro ba ne, wani sai ya yi makonni kafin ya sace duka. Zaren kuma in mai narkewa ne, da kansa zai zube cikin sati 2 zuwa 3, kada ka ja shi. Sa kamfai mai ɗan matsewa, ka ɗaga gaban ya kalli cibiya. In yana reto ƙasa ruwa ke taruwa. Wanke da ruwa mai tsabta, ka bar wurin ya bushe. Amma in ka ga mugunya, zazzaɓi, jinin da ya ƙi tsayawa, wurin ya yi baƙi, ko fitsari ya ƙi fita, ko dare ne ka tafi asibiti.

Abu Hanifa:
Nima an yi mini bara, kuma miƙewar asuban nan ta fi komai wahalar da ni. Na rage shan ruwa bayan isha'i, ina yin fitsari kafin in kwanta, sannan in kwanta ta gefe in naɗe ƙafafu. Tuƙin nan kuwa, wallahi jijjigar titi na ƙara maka. Roƙi mai keken ya ɗaga maka ƙafa ko sati guda.

Malam Nas:
Batun aure, sai an cika sati 6 kafin kusantar iyali. Na ƙirga, da ƙyar za ka cika. Ka je likitan ya duba ka kafin ranar, in ya ce bai warke ba, ka yi wa amarya bayani ku ƙara haƙuri.

Mai Adaidaita:
Allah ya saka da alheri. Na yi magana da mai keken, ƙanena zai riƙe har Juma'a ta sama. Litinin zan koma asibitin.