Neman shawara: in biya kuɗin shekara na manhajar koyon jita da bes?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da jitar katako ta hannu, yayana kuma ya bar mini bes ɗinsa, wato jitar lantarki mai zurfin sauti, amma babu amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Na ɗauko wata manhajar koyon kiɗa a wayata ta Android, ina cikin kwanakin gwaji na kyauta. A jita tana yawan cewa na yi kuskure ko da na danna inda ta nuna, a bes kuwa kamar ba ta ji na ma. In biya na shekara ko na wata? Wacce za ta koya mini duka biyun?

Malamin kiɗa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka biya na shekara tukuna. Manhajojin nan iri biyu ne. Akwai masu sauraronka ta makirufo su ba ka maki, kamar Yousician da Rocksmith+ ta kamfanin Ubisoft. Akwai kuma waɗanda ginshiƙinsu darussan bidiyo ne, kamar Fender Play da ta fito a 2017. Duka ukun suna koyar da jita da bes. Taka mai sauraro ce, don haka sai sauti mai tsabta ya isa gare ta kafin ta yi maka adalci.

Dalilin da ya sa ba ta jin bes a fili yake. Tsirkiya mafi kauri ta bes, mai sautin da ake kira E, tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, ta jita kuwa sau 82. Makirufon waya don muryar mutum aka yi shi, yana zubar da sauti mai zurfi irin wannan, ga shi bes ɗin lantarki ba shi da ƙara in ba a jona shi ba. Nemi ƙaramin akwatin sauti na USB, irin Behringer UM2 ko Focusrite Scarlett Solo, da igiyar jita mai babban kai, da mahaɗin OTG, wanda ke haɗa kayan USB da waya, da ya dace da ramin cajinka. Bes ya shiga akwati, akwati ya shiga waya. Je da wayarka shago a gwada kafin ka saya, domin ba kowace Android ke iya ba akwatin wuta ba.

Mai gyaran jita: Malam ya gama da bes. Ni jitar ce abin zargina, domin ta hannu ba kasafai take zuwa a saice ba. Fara da saita tsirkiyoyi shida a kan sautukan E A D G B E da manhajar saita jita, ka duba tana kan 440, ma'aunin da aka saba saita sautin A a kai. Sannan kaɗa kowace tsirkiya a sake, ka danna ta a firet na 12 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita) ka sake kaɗawa. Dole harafin ya zama ɗaya, allurar saitin na tsakiya. In ta haura a na 12, to ko ka danna daidai sautin zai fita sama, manhaja ta rubuta maka kuskure.

Auna tazarar da ke tsakanin saman ƙarfen firet na 12 da ƙasan tsirkiya mai kauri. A jitar katako milimita 2 zuwa 2.5 ya isa. In ta wuce 3 sai ka matsa da ƙarfi, matsin ya ja tsirkiyar, sautin ya karkace, yatsu kuma su yi ciwo a banza. Hunturu ma yana busar da katako, wuyan jita ya motsa, bakin firet ya riƙa karce hannu. Galibi akwai ƙarfe cikin wuyan da ake juyawa da alanki don daidaita lanƙwasarsa, amma kwatan zagaye kawai ake yi a jira itacen ya zauna. In ya cije kada ka tilasta, kai wa mai gyara. Tsirkiyoyin da suka yi tsatsa kuwa a canja su gaba ɗaya, sa masu laushi, masu lambar kauri 10-47 ko 11-52.

Wata 'yar'uwa: Ƙari kaɗan. Kada ka sa abin kunne na Bluetooth, sautinsa yana makara, za ka riƙa bugu bayan lokaci. Mai igiya za ka sa. In kuma ta lasifikar waya kake sauraro, makirufo zai ji kiɗan rakiya ya cakuɗa shi da naka. Kashe fanka, ka nisanci ƙarar janareta, waya ta zauna kamar taku ɗaya daga ramin jitar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To maganar kuɗin fa?

Malamin kiɗa: Gwajin kyauta yana juyewa biya da kansa ranar da ya ƙare, sau da yawa ma zuwa tsarin shekara. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗi. Shiga Play Store, taɓa hotonka, je sashen biyan kuɗi da rajista, ka soke tun kwana ɗaya kafin wa'adi. In ta shafinsu na intanet ka yi rajista, can za ka soke. Karanta ko kuɗin na kayan kiɗa ɗaya ne ko na duka, ka kuma tambayi bankinka ko katinka na wuce biyan ƙasashen waje.

Bayan ka gyara jitar, biya wata ɗaya ka tsaya kan jita kaɗai, minti 20 kullum: biyar na saiti da motsa yatsu, goma na sauya riƙon yatsu tsakanin haɗe-haɗen sauti Em, G, C da D da metiranom, mai ƙirga maka bugu, a kan bugu 60 a minti, biyar na darasin manhaja. Tsirkiyoyin bes huɗu, E A D G, su ne huɗun jita masu kauri a zurfafe, saboda haka abin da ka haddace a wuyan jita zai bi ka can. Darussan farko na JustinGuitar, wani shafin koyon jita a intanet, kyauta ne, haɗa da su.

Wani ɗan'uwa: A sani kuma, waƙoƙin da ke ciki galibi na Turai da Amurka ne. In salon jitar Agadas kake so, ko rakiyar waƙoƙinmu, manhaja za ta ba ka riƙon jita da sikelin sauti biyar, wato jerin sautuka biyar da ake gina kiɗa a kansu, ne kawai, sauran da kunne ake ɗauka. Ba ta kuma ganin yadda ka lanƙwasa wuyan hannu, don haka ko sau ɗaya a wata ka zauna gaban wanda ya iya ya duba maka.