Injin rota a jirgin haɗin gida: mai ne ya yi yawa ko iska ce ta rinjaya?

Ƙanin Zaure, Ohayo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah a taimaka min da shawara, abin nan ya fara hana ni barci. Kun san ƙaramin jirgin sama RV-6A ɗin da nake haɗawa yau shekara huɗu, na ɗora masa injin rota 13B na motar Mazda RX-7 wanda ba turbo, rota biyu, da giyar rage gudu 2.17 saboda farfela. Ban tashi ba tukuna, gwajin ƙasa nake yi. In na tura totur a hankali, daidai wajen juyi 3,800 a minti sai injin ya shaƙe kamar zai mutu, daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya kama ya wuce. Na biyu kuma in na buɗe totur duka zafin hayaƙi yana kai 1,680 a Faranhait, wani dattijo maƙwabcina a rumfar jirage mai injin fistin na Lycoming ya gani ya ce mai ya yi kaɗan zan narka injin, sai na murɗa maɓalli na ƙara mai a ko'ina, yanzu filogi sun yi baƙi ƙirin, da safe kuma obafulo yake yi kafin ya tashi. 100LL nake zubawa, fetur ɗin jirgi mai dalma. Ta ina zan fara?

Baba Makanike, Kano:
Wa'alaikumus salam yarona. Ni ban taɓa taɓa jirgi ba amma RX-7 da RX-8 sun sha kwana a garejina. Dattijon nan da zuciya ɗaya ya faɗa maka, sai dai ya auna naka da mudun nasa. Injin fistin yana da bawul, yana riƙe wutar a ciki har ta gama ci. Rota ba bawul, ɗakin wutarsa dogo ne siriri, kusurwar rota na wuce ramin salansa sai hayaƙin ya fito da sauran wutarsa tana ci. Shi ya sa salansarsa take ja jawur ko da lafiyarsa lau. Ka mayar da maɓallin inda yake da, ka sa sabbin filogi guda huɗu, kowace rota biyu gare ta, kuma kar ka musanya na sama da na ƙasa, ba iri ɗaya ba ne. In ya yi obafulo kashe injekta, buɗe totur duka, ka yi ta ba shi kiy har ya tofar da man. Kar ka bari mai ya riƙa kwana a ciki, yana wanke bakin man da ke jikin bango, kwamfireshan ya sauka.

Injiniya, Tekzas:
Baba ya gama magana kan zafi. Zan ƙara kaɗan. 1,680 kusan 915 ne a Salshiyos, a rota wannan ba abin firgita ba ne, masu shi sun saba ganin 1,600 zuwa 1,700, a Lycoming ne zai zama labari. Kuma lambar ita kaɗai ba ta cewa komai don ta danganta da nisan da ka sa sensar daga bakin ramin. Abin da zaka duba shi ne bambancin rota ta gaba da ta baya, in ɗaya ta zarce ɗaya da yawa toh akwai injektan da baya ba da abin da ya kamata. Ina fata dai salansarka ta ƙarfe mai jure zafi ce, irin 321 ko Inconel, ƙaramin ƙarfe baya daɗewa a nan.
Shaƙewar 3,800 kuwa ina kyautata zaton wajen shigowar injekta na biyu ne. 13B injekta huɗu ne, biyu na aiki tun daga sulo, sauran biyun sai nauyi ya ƙaru suke shigowa. A daidai lokacin kwamfuta sai ta rage tsawon buɗewar kowanne don mai ya tsaya yadda yake, in ka gaya mata girman da ba nasu ba sai mai ya kwararo lokaci ɗaya ko ya yanke. Tura totur a hankali idonka kan mitar matsin manifol, wato bututun shigar iska, wadda ke aunawa da inci, in kullum a wuri guda yake shaƙewa ka kama ɓarawon. Meye mitar cakuɗin iska da mai ke nunawa a wurin?

Ƙanin Zaure, Ohayo:
Yaya ai nan ne wata matsalar, da tana motsi da sauri, yanzu ta yi nauyi sai ta daɗe kafin ta canza. Awa 20 da wani abu na yi a ƙasa.

Injiniya, Tekzas:
Dalmar cikin 100LL ce take rufe sensar. Sensar oksijin ta mota ce, an yi ta don fetur mara dalma. Sayi sabuwa, kuma gyaran taswirar mai duka ka yi shi da fetur ɗin mota, rota mara turbo bata buƙatar okten mai yawa. Sannan saita mitar ta riƙa nuna lamda, ma'aunin da 1.0 ke nufin iska da mai sun daidaita, maimakon iska 14.7 a mai 1, don in akwai itanol kashi 10 a man daidaiton yana komawa wajen 14.1, ita kuwa lamda 1.0 ɗaya ce ko wane mai ne. Totur a buɗe duka ka nemi 0.85 zuwa 0.88, wato iska 12.5 zuwa 13 a mai 1, nan ƙarfi yake. A sama kana tafiyar miƙe zaka iya ja zuwa 1.05 har 1.1, zafin hayaƙin zai hau ya kai ƙololuwa sannan ya fara sauka, rota tana jure wannan sosai. Amma wannan ga mara turbo nake faɗa. Mai turbo in aka rage masa mai yana cikin nauyi, bugu ɗaya ya isa ya karya sil ɗin kusurwar rota, guntun ya bi ya kankare gidan gaba ɗaya.

Kyaftin:
Injiniya ban ƙi lissafinka ba amma ina roƙo a ajiye maganar 1.1 gefe tukuna. Yaron nan ko ƙafa ɗaya bai ɗaga daga ƙasa ba. Ƙanena, FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, zata ba ka awa 40 na gwaji saboda injinka ba mai takardar shaida ba ne, masu injin da farfela masu shaida 25 ake ba su. Awannin farko ka zauna a ɓangaren da mai ya ɗan fi yawa, kana zagaye saman filin inda in ya yi shiru zaka iya sauka. Tsumin mai ba yanzu ba. Kuma ka rubuta a takardar dubawarka, maɓallin mai ya koma wurin tashi kafin ka hau titi da kuma kafin sauka, don in ka manta shi a inda ka bar shi a ƙafa 8,000, inda iska kusan kashi uku cikin huɗu ce ta ƙasa, sannan ka buƙaci totur ba shiri kusa da ƙasa, abin da zai biyo baya ba daɗi. Kwamfutarka tana bin matsin manifol eh, amma abin da ka murɗa da hannunka yana nan bata goge shi.
Abu na biyu, wannan injin ba wuta ba rai. Famfon mai biyu, kowanne da makunninsa da fiyus ɗinsa, batir na biyu, kuma ka gwada kashe altaneta a ƙasa ka ga minti nawa zai ɗauke ka.

Ɗaliba, Zariya:
Ku yi haƙuri iyayena in katse ku. Mu a aji da aka ce rotari na ɗauka irin na jiragen yaƙin duniya na ɗaya ne da injin gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela, shi ake nufi?

Kyaftin:
A'a 'yata, suna ne ya zo ɗaya. Wancan su Gnome da Le Rhône da Clerget ne na Faransa, silindojin ne suke juyawa sandar tsakiya na tsaye, jirgin yaƙi Sopwith Camel ma irinsa gare shi. Wannan na Felix Wankel ne Bajamushe, rota mai kusurwa uku take zagaye a cikin gida, Mazda ta fito da shi a motar Cosmo Sport a 1967. Amma tambayarki ta faɗo a kan gaɓa, don su ma matuƙan wancan zamanin da hannu suke daidaita iska daban mai daban, kuma man zurman da ke shafe injin tafiya yake da hayaƙi baya dawowa. Rotar yau ma sai an ƙona mata mai a ciki sil ɗinta zai rayu.

Mai Gareji, Jos:
Yawwa Kyaftin ka kawo ni inda nake jira. Ƙanina famfon da ke ɗiga bakin mai a ciki yana nan ko ka cire?

Ƙanin Zaure, Ohayo:
Na cire Malam, man injin tu-sturok nake zubawa a tanki, oza 1 a galan 1.

Mai Gareji, Jos:
Toh haka yawancin masu jirgin suke yi, 128 a 1 kenan, a lissafinmu na nan kusan mililita 8 a lita. Ni dai a mota na fi son a bar famfon a ɗan ƙara na tanki kaɗan, in mutum ya manta ɗaya ɗayan na nan. Amma na san hujjarku, bakin man kwano ba a yi shi don ƙonawa ba yana barin gawayi. Tunda ka cire toh ka manna rubutu a bakin kowane tanki, kuma ka zuba man kafin fetur don ya gauraya. Sannan in zaka koma fetur ɗin mota gwada shi. Samu kwalba ka zuba ruwa kaɗan ka ja layi, cika da fetur ka girgiza ka ajiye, in ruwan ya haura layin akwai itanol. Itanol yana jan ruwa, yana cin wasu tiyo da gam ɗin tanki, kuma da zafi fetur ɗin mota ya fi saurin tafasa a cikin layi. Tiyon da ke mayar da rarar mai ya koma tanki kai tsaye, kar ka juyo shi bakin famfo, mai zafi zai yi ta zagaye har ya zama tururi.

Baba Makanike, Kano:
Ni kam ina tare da kai wajen barin famfon, mantuwa ba ta sallama. Amma tunda ya cire ya cire.

Injiniya, Tekzas:
Baba ai Tracy Crook da ya tashi RV-4 da 13B tun shekarun 1990 a Fulorida, shi ma a tanki yake gaurayawa, kuma a wajensa da yawan masu wannan harkar suka koya. Wani abu na manta ƙanena, duba matsin mai a sulo. In regiletarka tana da siririn tiyo zuwa manifol, 43 psi ɗin da kake gani kafin a tayar ya kamata ya sauka sosai in injin na sulo, ya hau in ka ba da totur. In allurar ta tsaya cak duba tiyon.

Ƙanin Zaure, Ohayo:
Salam, na dawo bayan kwana uku. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yaya Injiniya tiyon regileta ya tsage ta ƙasa inda ido baya gani, allurar bata motsi ko kaɗan, na canza yanzu tana sauka 35 a sulo. Na sa sabuwar sensa da filogi huɗu, na samu fetur mara itanol na yi gwajin kwalbar Malam ruwan bai motsa ba. Shaƙewar kuwa a inci 18 take kullum, lamda na faɗawa 0.72 a wurin, ashe injektan na biyu sun fi abin da na rubuta wa kwamfuta girma. Na gyara ta ragu sosai amma akwai ɗan saura, kamar tari ɗaya. Totur a buɗe 0.86, rota ta gaba 1,620 ta baya 1,655.

Kyaftin:
Madalla. Tarin nan ɗaya kar ka tashi da shi, inci 18 wajen da zaka riƙa wucewa ne duk sanda kake gangarowa sauka. Kuma in Allah ya kai ka tafiya mai nisa dole wata rana ka sha 100LL, ka riƙa ɗaukar filogi huɗu da sifana a jirgi, dalma tana taruwa a kansu, zaka ga juyi ya faɗi da 'yan ɗaruruwa lokacin da totur ke buɗe, mutum ya ɗauka mai ne ya kama murɗe-murɗe alhali filogi ne.

Injiniya, Tekzas:
Bambancin 35 ba damuwa. Cire injektan huɗun ka kai a wanke a auna abin da kowanne ke zubarwa a minti, lambar da aka auna ita zaka rubuta ba ta jikin kwali ba. In ka dawo da su ɗauko min bayanan gwaji daga inci 15 zuwa 21, tura totur a hankali sau uku, ka turo nan mu duba tare.