Sanarwar lasifika a tashar mota: yaya za a haɗa maza da mata a magana ɗaya?

Sani Garwa:
Assalamu alaikum. Ana sanarwa a tashoshinmu na arewacin Kamaru da Faransanci, da Fulatanci, sannan Hausa. Ta Hausar kullum "ka riƙe tikitinka" ce, ko "wanda ya bar kayansa", alhali mata ma sun cika benci. Idan aka ce "ka ko ki", maganar ta yi tsawo. Malamai, yaya ya kamata a tsara ta?

Malam Buba, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Hausa tana raba namiji da mace ne idan mutum ɗaya ake nufi: ka da ki, ya da ta, wanda da wadda. Da an koma jam'i rabon ya ƙare. Sai a ce "ku riƙe tikitinku", "waɗanda suka bar kayansu", "masu zuwa Ngaundere". Hanya ta biyu ita ce "a": "a riƙe tikiti a hannu", "a shiga mota". A nan sai a jefar da "-nka" da "-nsa" gaba ɗaya, don idan aka ce "a riƙe tikitinsa" an koma gidan jiya.

A lura da "mai". Shi kaɗai ba ya nuna jinsi, amma aikin da ke biye da shi yana tona asiri: "mai baƙar jaka ya zo". Gyaransa shi ne "ana neman mai baƙar jaka a wurin sayar da tikiti". Yawancin kuskuren daga fassara yake shigowa. Fulatanci yana da "o" guda ɗaya ga namiji da mace, mai fassara kuwa sai ya mayar da kowane "o" ya zama "ya".

Alhaji Umaru, Ngaundere:
Malam ya yi daidai, saura tsarin sanarwar kanta. Gaisuwa, garin da za a je, lokaci, sannan abin da ake so a yi, a maimaita sau biyu: "Jama'a sannunku. Masu zuwa Marwa, motar ƙarfe 8, ku kawo kaya a ɗaure, ku fito da katin shaida." Sunan gari ya zo da wuri, saboda cikin ƙarar injin wanda bai ji garinsa ba ba ya sauraron sauran. Na ce "katin shaida" don "katin ɗan ƙasa" ma yana da namiji a ciki.

Inda aka fi jin kunya shi ne kiran mutum ɗaya daga takardar sunayen fasinjoji. Mace da yawa sunan mahaifi ko na miji aka rubuta mata a gaba, sai mai lasifika ya ce "Malam wane ka zo", ita kuwa tana zaune ba ta amsa ba. A kira suna cikakke tare da lambar kujera: "kujera ta 14, ana jira a bakin mota."

A Landan hukumar sufuri ta daina gaisuwar "mata da maza" a sanarwarta tun 2017, kamfanin jiragen saman Jamus, Lufthansa, ma ya bi a 2021. Mu "jama'a" ta riga ta ɗauke mana wannan aikin.

Hajiya Hadiza, Garwa:
Alhaji, na yarda, amma kada a wuce gona da iri. Inda hidimar kanta ta rabu, dole a faɗa a fili: "mata masu awon ciki ɗaki na 2", "bayin mata yana hagu", "maza layin dama" wurin bincike a ƙofa. Ɓoye wannan wahalar da tsofaffi ne kawai. Idan kuma ma'aikaci yana fuskantar mutum ido da ido, ya ce Baba, Inna, Hajiya, ya yi "ka" ko "ki" yadda ya dace.

A allo da takardun cikewa kuma a bar rubuta "ka/ki". Da yawa karanta musu ake yi, mai karantawa kuwa na farko yake ɗauka ya tsallake na biyu. "Suna", "Shekaru", "Unguwa", "Sa hannu" sun isa.

Sani Garwa:
Na gode. To "kowa ya zauna a kujerarsa" fa, Malam Buba?

Malam Buba, Marwa:
Hausa ce mai kyau, mata ma suna jin har da su. Amma tun da sabon rubutu kake yi, sa "ku zauna bisa lambar tikitinku", ka ba mai lasifika na safe da na dare takarda iri ɗaya.