Bangon ɗaki na jiƙa ta bayan dush, laifin karo ne ko tiyo?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin gini ku taimaka min. Gidanmu a unguwar Karkada nan Damagaram yake, ginin bulo ne, bara muka yi dush da wese cikin gida aka sa karo ƙasa da bango. To yanzu bangon da ya raba dush ɗin da ɗakin yara ya fara jiƙa daga ƙasa, fenti na kumbura yana ɓarewa, ga wani farin abu kamar kanwa yana fitowa ga wari. Mason da ya yi aikin ya ce tiyo ne, mai famfo ya ce nashi aikin lafiya lau, kowa na tura ma ɗan'uwansa. Kuma ina da niyyar ɗora bene in Allah ya hore har da dush a sama, shi ne tsoro ya kama ni. Wai akwai ƙa'idar da ake bi ne ko kowa da yadda ya koya wajen ubangidansa?

Teknisiye Zango:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka fasa komi, ranar da akwai ruwa a layi rufe duk robine na gidan ka je ka tsaya gaban konta, wato mitar ruwa, in tana juyawa to tiyo ne ke yoyo cikin bango, mai famfo bai da ta cewa. In ba ta motsi ka toshe sifon dush ɗin, wato ramin da ruwa ke fita, ka tara ruwa kamar santimita 3, ka sa alama da alli ka bari awa 24. Ya ragu ko bango ya ƙara duhu, to ta ƙasan karo yake bi. Farin abun nan gishirin siminti ne da ruwa ke ɗaukowa, ruwan ya bushe shi ya tsaya a fuska.

Ƙa'ida kam akwai. Mu nan takardun Faransa muke karantawa, su DTU, wato ƙa'idojin aikin gini, da na CSTB, cibiyarsu ta binciken gini, kuma duk abu guda suke nunawa: karo ba shi ke tare ruwa ba. Shi kanshi karon ruwa bai cika ratsa shi ba amma layin simintin da ke tsakani yana sha, a hankali ya gangara ƙarƙashi ya nemi kwana inda daɓe ya haɗu da bango, nan ne kullum ake samun tsaga don daɓe da bango ba tare suke motsi ba. Shi ya sa ake shafa maganin hana ruwa KAFIN karo, shafi biyu, na biyu ya gitta na farko bayan ya bushe, a kwanoni da bakin sifo da inda tiyo ya huda bango a manna ƙyallen nan na musamman cikin shafin farko. Shafin ya hau bango aƙalla santimita 10 zuwa 15 duk kewayen ɗakin, wurin wanka kuwa ya wuce kan mutum, a Ostireliya ma ƙa'idarsu AS 3740 mita 1.8 ta ce. Gangaren daɓe santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa sifo. Sannan a tara ruwa a gwada tun ba a sa karo ko ɗaya ba. Wannan gwajin shi ne ba wanda ke son yi a garin nan, wai ɓarnar ruwa, alhali bido nawa ne.

Tsohon Maso:
Yaro ka yi bayani Allah shi yi albarka, amma wannan maganin naku na bokiti ba kowa ke da kuɗinshi ba kuma ba kullum ake samun shi ba ko ka zaga kasuwar Dole. Dush na ƙasa ni Sikalite nake sawa, garin hana ruwa da ake gaurayawa da siminti, leda guda ta kilo 1 a buhun siminti na kilo 50, yashi mai tsabta wanda ba laka, in yi daɓe in zagaye kwanar da shi kamar gindin kwarya kar a bar ta da kaifi, a yi ta ba shi ruwa sati guda safe da yamma. Matsalar yaran yanzu yau daɓe gobe karo, ga ranar Damagaram, siminti ya ƙone tun bai kama ba.

Kuma masu gidan ƙasa a Birni, tsohon garin Damagaram, ku ji da kyau, kar ku manna dush jikin bangon laka ku shafe da siminti ku ce kun gama. Laima na shiga ta ƙasa ta rasa hanyar fita, siminti na tsaye kyam laka na narkewa a bayanshi. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa in ruwa ya kwanta mishi, duk mun ga yadda tsohon masallacin Birni ya faɗi a damanar 2024. Ku tada bangon bulo daban ku bar 'yar tazara. Iyayenmu da makuba da laso suke yaɓe, kuma makewayi can ƙarshen gida suke kai shi, rariya ta fita waje.

Maman Sultan:
Baba gaskiyarka wallahi. Ni abin da zan ƙara, ku sa a ɗaga dokin ƙofar dush ko a sauke daɓensa ƙasa da na ɗaki ko da yatsa biyu ne. Kun san halinmu da ruwa, yini guda ba ɗigo yara su buɗe robine su manta, tsakar dare ya dawo kowa na barci, in ba tudu a ƙofa sai dai ki tashi ki tarar katifa na iyo. Kuma maso ya zuba bokiti guda a gabanku kafin ku cika mishi kuɗinshi, ku ga ina ruwan ya nufa, namu kwana yake zuwa ya kwanta kullum da tsintsiya muke kora shi. Wurin wanke-wanke da inda ake aje tano ma haka, jikin bango ne kuma ba ya bushewa, ba wanda ke tuna shi.

Teknisiye Zango:
Baba ban ƙi taka ba, a ƙasa in an yi yadda ka ce yana riƙewa. Amma Sikalite ƙananan ƙofofin siminti yake toshewa, in daɓe ya tsage shi ma ya tsage tare da shi, kuma dal ɗin bene, wato kankaren da ake zubawa a sama, a nan tana shan zafin da ya wuce digiri 40 a watan Afirilu da Mayu da dare ta huce, dole ta motsa. Don haka Malam na sama kar ka yi rowa, sa maganin shafin nan mai laushi da ke miƙewa, a bar dal ta cika kwana 28 tukuna, tiyon da zai ratsa ta a aje mishi hanya tun ranar zuba kankare ba a zo daga baya da guduma ba. Kwanoni kuma silikon ake sawa ba siminti ba.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ruwa ya zo da asuba na duba konta ba ta motsi ko kaɗan, yanzu na toshe sifo na tara. In ta tabbata ƙasan ne, dole sai an ɗaye karon duka ko na daɓe da layin farko na bango ya isa?

Teknisiye Zango:
Na daɓe duka da layi ɗaya ko biyu na bango, in dai jiƙar ba ta haura gwiwa ba. Amma ka kankare fentin ɗakin yaran ka bar bangon a buɗe ya sha iska har ya bushe sarai, kar ka yarda a rufe shi da fentin mai yanzu.