Neman kalma: "malaise vagal" bayan allurar HPV

'Yar Garwa: Salamu alaikum. Gobe da safe zan shiga rediyo kan allurar HPV, wato rigakafin ƙwayar cutar da ke kawo kansar bakin mahaifa, wanda Kamaru ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 a 2020. Takardar Faransanci ta ce wasu kan yi "malaise vagal" bayan allura. Me zan ce? Iyaye mata ne ke saurare, ina gudun kalmar da za ta sa su hana yara.

Baban Ummi: Jiri mana.

Ungozomar Marwa: Jiri ya yi kaɗan, 'yata. Yarinya za ta ce idonta ya yi duhu, gumi ya keto mata a goshi, wata har ta sulale ƙasa. Ba maganin ba ne, tsoro da zafin allura ne ke rage bugun zuciya, jini ya kasa isa kai sosai. Shi ya sa muke zaunar da su minti 15. In ta faɗi, a kwantar da ita, a ɗaga ƙafafu, yanzu za ta farfaɗo.

Malamin Hausa: "Hajijiyar firgici". Ta ɗauki alama, ta ɗauki sanadi. Amma mene ne "kansa" kuma? Ina sankara? Ina ciwon daji?

Baban Ummi: Malam, gidajen rediyon Kano ma kansa suke cewa.

Malamin Hausa: Kano ta haife mu? Kullum sai an leƙa Najeriya kafin a buɗe baki, kamar Hausar Garwa aro ce!

Ɗan Kusiri: Wallahi haka ne. Amma a nan juwa muka sani.

Ungozomar Marwa: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma firgici a kunnen uwa aljanu ne. Ta ji shi, ta ga 'yarta ta ɗan mimmiƙe, sai ta ce farfaɗiya, unguwa ta ɗauka. Ƙwayar HPV nau'i na 16 da 18 ke kawo wajen kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa. Kada kalma ta hana yaranmu kariya.

'Yar Garwa: Na gode, Inna. Zan ce "jiri, wani lokaci har da 'yar gajeruwar suma, saboda tsoron allura". Zan kuma ce sankara, Malam.

Malamin Hausa: Wannan ai bayani ne, ba kalma ba. Ki yi aikinki, amma ni a aji hajijiyar firgici zan koyar.