Kuɗin gwamnati da binciken masana'antu: abin da aka tattauna

Jama'a muhawarar nan kan yadda kuɗin da gwamnati ke zubawa a bincike zai amfani masana'antu ta yi tsawo sosai, ga abin da na tsinto a ciki.

1. Kusan kowa ya yarda kuɗin da ake zubawa a bincike ya yi kaɗan. Tarayyar Afirka ta ce kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara don bincike, Najeriya ko kusa ba ta kai ba, Koriya ta Kudu kuwa ta haura kashi 4.

2. Da yawa sun koka cewa TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ba malaman jami'a kuɗin bincike amma sakamakon sai ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura, mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai a Kano bai ma san an yi ba. An kawo misalin fata, ga cibiyar binciken fata ta NILEST a Zariya amma fatar da ake jemewa a Kano sai ta tafi Italiya a yi takalmi da jaka da ita, ribar tana can. Wallahi wannan ya ci mini rai.

3. Wasu sun ce a kwaikwayi Fraunhofer ta Jamus, ƙungiyar cibiyoyin binciken masana'antu, gwamnati ta ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin cibiya, sauran cibiya ta nemo da kwangilar aiki.

4. Kan haɗin gwiwa da ƙasashen waje ne ra'ayi ya rabu. Masu goyon baya sun tuna cewa da taimakon Amurka Koriya ta kafa cibiyarta ta binciken kimiyya da fasaha, KIST, a 1966. Sauran suka ce mu dai inji ake sayar mana, in ya lalace sai a zauna jiran injiniya daga waje, don haka a rubuta horar da 'yan gida cikin yarjejeniyar tun farko.

5. Matsalar wutar lantarki kam ba wanda ya yi musu a kanta.